WA KE CIN RIBAR KIWO A ƘASAR DAURA?

Duk wanda ya san ƙasar Daura, tun daga Sandamu har Baure, daga Zango har Mai'aduwa, ya san da wuya a shiga gida a karkara a rasa turke a tsakar gida ko akurki a bayan ɗaki. Ƙasa ce ta jigawa, damina gajera, abin da gona ke bayarwa na gero da dawa da wake sau da yawa ba ya kai iyali ga wata kaka. Saboda haka dabba ita ce asusun talaka. Da ita ake biyan kuɗin magani, da ita ake yi wa yarinya kayan ɗaki, da ita ake sayen taki. Da yawa daga cikinmu da ke riƙe da wannan mujalla, da kuɗin akuyar gyatuma aka biya mana rajistar shekarar farko. Kai, ko marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, da ya bayyana kadarorinsa a 2015, sai da aka lissafa shanu 270 da tumaki 25 a ciki.

To, tambayar da muke so mu yi ita ce: tsakanin wanda ya kwana yana yi wa dabba hidima da wanda ya sa mata wuƙa, a hannun wa ribar ke maƙalewa? A 'yan shekarun nan, tun da waya ta shiga kowane ƙauye, ana ta kururuta cewa magani ya samu, wato makiyayi ya ɗauki hoton ragonsa, ya aika wa mai saye a birni, a yi ciniki ba dillali. Mu ma muna goyon bayan mai ƙaramar gona ya sayar da dabbarsa kai tsaye. Amma ra'ayinmu shi ne, wannan ciniki ba zai ɗore ba sai an samu waɗanda za su ɗauki aikin da dillali ke yi, su yi shi da gaskiya. Waɗannan mutane kuwa ba daga sama za su faɗo ba. Mu ne, ɗalibai da matasan ma'aikata 'ya'yan waɗannan ƙauyuka.

Bari mu bi sawun rago guda. Wata baiwar Allah a wani ƙauye na ƙasar Zango ta sayi ɗan rago bayan kaka, ta ɗaure shi wata huɗu ko biyar, tana ba shi harawa da dusa da kowa, tana jiƙa masa kanwa, yaranta na yi masa ciyawa da ɗibar ruwa. Ranar da za a sayar, ba ita ke zuwa kasuwa ba. Miji ne ko ɗa ko ƙane zai ja shi. Kafin ya isa kara, mai yiwuwa 'yan baranda sun tare shi a hanya sun taya. In ya tsallake su, ya shiga hannun dillali. Dillali ya sayar wa ƙaramin falke, shi kuma ya tara goma ko ashirin ya kai Mai'aduwa ranar Lahadi, inda babban falke zai cika mota zuwa Kano ko Abuja, ko Legas mai nisan fiye da kilomita 1,000. Can ma akwai fatoma, akwai wani dillalin, akwai mai turke a bakin titi. Kowane hannu da nasa rabo, ga kuɗin mota, ga harajin kasuwa, ga abin da ake miƙawa a shingayen hanya. Ran da ma'aikaci ya biya kuɗin layyarsa yana ƙorafin tsada, ita mai kiwon tana can tana lissafi, ta ga da ƙyar ta mayar da kuɗin dusa. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Abubuwa uku ne ke karya farashi a hannun mai kiwo. Na farko matsuwa: talaka ba ya sayar da dabba don kasuwa ta yi kyau, yana sayarwa ne don yaro na kwance ko hatsi ya ƙare, kuma duk mai saye ya iya karanta matsuwa a fuskar mutum. Na biyu rashin labari: falke ya san yadda aka wayi gari a kasuwar Wudil da ta Legas, mai rago kuwa bai san ko na garin da ke kusa da shi ba. Na uku rashin ma'auni: ana sayen dabba da ido da taɓa gadon baya, wanda ya shekara ashirin yana wannan sana'a zai ƙiyasta naman da ke jikinta, wanda ke zuwa kasuwa sau biyu a shekara kuwa sai abin da aka gaya masa. Ba yau aka fara gane wannan ba. Cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukanmu, akwai hadisin da ya hana tare masu kawo kaya a hanya kafin su iso kasuwa, ya kuma hana mutum ya yi tayin ƙarya don ya ruɗi wani. Hikimar a fili take: kada a ci da jahilcin wanda bai san farashi ba.

Akwai kuma wani haɗarin. Mutumin da ƙofarsa ɗaya ce, ran da aka rufe ta sai ya kwana waje. A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. A ƙarshen Fabrairu 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na wasu kwanaki. A ƙarshen Agusta na wannan shekarar kuma, saboda matsalar ɓarayin daji, gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14 na Jihar Katsina, har da Mai'aduwa da Baure, kafin daga baya a ɗage dokar. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa takardar naira ta ɓace, mai ɗan tsabar kuɗi a aljihu ya zama sarki a kara. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake rufe iyakar Kwangwalam da sauran mashigai har zuwa Maris 2024. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta babban falke yana da jarin da zai jira, yana da wata hanyar da zai bi. Wadda ke da akuya biyu da kaji bakwai kuwa, ba ta da kowa sai wanda ya zo ƙofar gida ya yi tayin wulaƙanci.

Duk da haka, kada zafin zuciya ya sa mu ɗora wa dillali laifin duniya. Adalci shi ne mu tambaya, me yake yi har ya ci la'ada? Dillali ne ya san mai dabba, ya san gidansu, in ta fito ta sata shi za a kama. A jihar da satar shanu ta yi wa illa kamar tamu, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Shi ya san wane mahauci ke biya, wane ke cin bashi. Shi ke tsare dabba in ba ta sayu ba, shi ke raba gardama in aibi ya bayyana bayan an sallama. Wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo ta Ibadan ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya nuna cewa bashi ne ke tafiyar da cinikin shanu a can: falke ya bar wa mahautan da bai sani ba shanunsa, domin maigidan da ya sauke shi ya tsaya masa. Ashe abin da dillali ke sayarwa shi ne amana da sanin mutane. Kuma mafi yawan dillalan ƙauye talakawa ne kamar kowa, abin da suke samu ranar kasuwa shi ne cefanen mako.

Saboda haka duk wanda ya ce zai ci la'adar dillali, to, ya shirya yin aikinsa, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hoto a WhatsApp ba ya nuna gurgunta, ba ya nuna tari, ba ya nuna ko ragon na mai hoton ne. Mai saye na tsoron cinikin biri a sama, mai sayarwa na tsoron saƙon banki na ƙarya. In ba a cike wannan giɓi ba, ciniki ɗaya ko biyu za a yi a ɓata, kowa ya koma kara yana cewa gara na da.

Ya kamata kuma mu san iyakar abin da muke nema. Ba mu ce mai bijimi ɗaya ya ɗauki hayar tirela zuwa Legas ba. Fataucin shanu na nesa zai ci gaba da zama a hannun masu jari. Inda ciniki kai tsaye ke da ƙarfi shi ne ƙananan dabbobi da tsuntsaye, waɗanda mafi yawansu na mata ne: ragon layya da na suna, taure, kajin Hausa, zabi da ƙwansu na damina, agwagi da tantabaru. Masu sayen waɗannan ba su da nisa. Cikin garin Daura kaɗai akwai Kwalejin Yusufu Bala Usman, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, ga asibitoci, ga sakatariyar ƙaramar hukuma, kowacce cike da masu albashi da ke yin suna da biki da layya. Ga masu tsire da masu balangu da masu shayi da ke buƙatar nama da ƙwai kullum. Ga 'yan asalin Daura da ke aiki a Katsina da Kano da Kaduna da Abuja, waɗanda kowace Babbar Salla sai sun sayi rago, wani ma ragon ƙauyensu ne ya yi yawon duniya ya same su da ninkin kuɗi.

Ga sharuɗɗan da muke ganin in babu su abin ba zai yiwu ba.

Na ɗaya, haɗa kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai gidan abinci ba zai dogara da matar da ke da kaji biyar ba, domin gobe ba ta da na bayarwa. Amma mata ashirin na unguwa ɗaya, in sun tsara kwanci da ƙyanƙyasa ta yadda ba duka za su isa yanka lokaci guda ba, suna iya yi masa alkawarin kaji kowane mako su cika. Haka masu turka goma na iya haɗa kuɗin mota guda, su kuma sayi dusa buhu-buhu a kaka lokacin da take araha. Adashe ba baƙon abu ba ne ga matan karkara. Wannan ma adashe ne, na dabba.

Na biyu, ma'auni da littafi. Sikelin ratayawa ya isa a auna kaza da akuya da rago, kuma bai fi ƙarfin ƙungiyar ƙauye ba. In an san nauyin dabba, aka kuma san yadda ake sayar da kilon nama a mahauta, gardama ta ragu. Littafi kuwa shi zai nuna nawa aka sayi ɗan rago, nawa ya ci, nawa aka kashe a magani. Mai kiwon da bai san abin da ya kashe ba, bai san lokacin da zai ce albarka ba.

Na uku, lafiya. Kowace shekara in hunturu ya kama, fakat kan share kajin ƙauye, sai ka ga ana rige-rigen kai su kasuwa kafin su mutu, a sayar da asara, a kuma yaɗa cutar ga na wasu. Alhali Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi da ke Vom, wadda aka kafa tun 1924, tana yin rigakafin wannan cuta, har da irin wanda ke jure zafi, da ake ɗigawa kaza a ido. Kwalba guda ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, shi ya sa sai an haɗu. Haka nan dabbar da aka yi wa allura ko aka ba magani tana da kwanakin da ya wajaba a jira kafin a yanka ta ko a ci ƙwanta. Mai saye kai tsaye zai dawo ne kawai in ya tabbata ba a ɓoye masa ciwo ba. Ragon layya kuwa shari'a ta riga ta faɗi aibobin da ke hana shi: ido ɗaya, gurgunta, cuta bayyananna da rama. A faɗa wa mai saye gaskiya tun kafin ya tambaya.

Na huɗu, shaida. Kowace dabba da za ta bar ƙauye, mai unguwa ko dagaci ya san da ita, a rubuta mai ita da kamanninta da ranar da aka sayar. Masarautar Daura tana da wannan tsari tun daga mai unguwa har zuwa fadar Sarki Umar Faruk Umar. Abin da ya rage a sa shi aiki. Dillalin ƙauye mai gaskiya ma yana da gurbi a nan: ƙungiya ta ɗauke shi wakili, a yanka masa lada sananne a gaban kowa, maimakon abin da ake ƙullawa cikin hannun riga.

Na biyar, kuɗi hannu, kuma a hannun mai dabba. In rago na mace ne, kuɗin ya shiga hannunta ko asusunta, a karanta mata abin da aka sayar a gaban shaidu. Sau da yawa giɓin farko ba a kasuwa yake ba, tsakanin ƙofar kara da ƙofar ɗaki yake.

Wanda ke ganin wannan mafarki ne, ya dubi Indiya. A 1946 ƙananan masu shanu na gundumar Kaira a Gujarat, da suka gaji da 'yan tsakiya, suka kafa ƙungiyar gama-kai a garin Anand, wadda duniya ta sani yau da sunan Amul. Asirinsu ba wani abu ba ne illa a auna madarar kowa a gabansa, a gwada maiƙonta, a biya shi ba jinkiri. Daga 1970 aka yaɗa tsarin a ƙasar baki ɗaya, har Indiya ta zama kan gaba a duniya wajen madara. Madara daban, rago daban, amma darasin ɗaya ne: ma'auni a fili, biya a kan lokaci, ƙungiya kuma ta masu dabba ce, ba ta wani babban mutum ba.

A nan ne za mu yi gargaɗi. Ƙasar nan ta ga ƙungiyoyin da ake kafawa don jin an ce gwamnati za ta raba rance, a yi hatimi, a buɗe asusu, a raba kuɗi, a watse. Ta ga shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 da na Juyin Noma na 1980, an sha taro da jawabi, mai akuya biyu bai ga canji a kara ba. A Yuli 2024 an kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya, muna yi mata fatan alheri, amma kada kowa ya naɗe hannu yana jiran Abuja. Ƙungiyar da ta fara da mai saye tana rayuwa. Wadda ta fara da neman rance, ran da aka raba kuɗi ran nan take mutuwa.

Ya ku 'yan'uwa matasan ma'aikata, kasuwar nan ku ce ita. Ofishi mai mutum talatin na iya rubuta sunayen masu son layya wata huɗu kafin Salla, a ba masu turka na wani ƙauye kafin alƙalami, su sayi abincin dabba ba tare da bashi ba, a yanke farashi bisa nauyi ranar karɓa. Amma akwai wata ɗabi'a da ke kashe irin wannan ciniki: wani ma'aikacin zai biya baƙo a birni lakadan ba ƙorafi, in ya je ƙauyensu kuwa sai ya karɓi ragon gwaggonsa ya ce sai ƙarshen wata, watan ya ƙare, wani ya kama, kunya ta hana ta tambaya. Wanda ya yi haka ya fi ɗan baranda cuta, don ɗan baranda ko ya karya farashi yana biya nan take. Zumunci ba dalilin ragi ba ne, dalilin cikawa ne.

Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai, hutu na zuwa. Mai karanta lissafin kuɗi ya buɗe wa ƙungiyar unguwarsu littafi, ya koya wa yaro ɗaya riƙe shi kafin ya dawo makaranta. Mai karanta aikin gona ko likitancin dabbobi ya nemo malamin dabbobi na ƙaramar hukuma a sa ranar rigakafi kafin hunturu. Mai waya ya riƙa aika wa gida farashin da ya gani a birni kowane mako. Ƙungiyoyinmu na ɗaliban ƙasar Daura, da ba sa gajiya da shirya bikin karrama manya, su ware ko da zama ɗaya su tattauna wannan.

Ga hukuma kuwa buƙatunmu ba su da tsada: a sa sikeli a kowace kara, a hannun wanda ba ya saye ba ya sayarwa, gidajen rediyon jiha su riƙa karanta farashin dabbobi na manyan kasuwanni kowane mako, a rage shingayen da ke tatsar mai ɗauke da akurkin kaji. A 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara zai ratsa ta Daura. Hanya ba ta zaɓar wanda za ta yi wa amfani. Wanda ya shirya shi ke hawa. In masu kiwo ba su haɗa kansu ba, jirgi zai ƙara wa mai jari sauri ne kawai.

Dabbar da aka sayar aka sa mu makaranta bashi ce a wuyanmu. Hanyar biya ita ce mu tsaya har wadda ta yi kiwo ta san nauyin ragonta, ta san farashinsa, ta kuma ƙirga kuɗinsa da hannunta. Allah ya sa albarka a turke da akurki, ya ba mu ikon riƙe amana, amin.